"Bayan Gajeriyar Rashin Lafiya": Tarihin Lambar da Ake Bai wa Kowace Cuta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da wata jimla da duk mun haddace: "Ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya." A rediyo haka ake cewa, a Facebook haka ake rubutawa, a wajen zaman makoki haka ake amsawa. Idan ka matsa da tambaya sai a ce maka ajali ne. Gaskiya ne kuwa, ajali ne, ba mai musun wannan. Amma ajali yana zuwa da sanadi, kuma sanin sanadin shi ke ceton waɗanda suka rage.

Lokacin da kawuna ya rasu, ni aka tura in karɓo takarda a asibitin da ya kwanta. A gurbin sanadin mutuwa an rubuta kalmomi biyu na Turanci, ma'anarsu: zuciya ta tsaya. Na tsaya ina kallon takardar. To wane mamaci ne zuciyarsa ba ta tsaya ba? Kawu ya shafe shekaru yana fama da hawan jini, yana shan magani yana bari, amma babu hawan jini ko ɗaya a takardar. Ranar na fara tambayar kaina: wannan layi guda da likita ke rubutawa, ina yake zuwa, wa yake karanta shi?

Amsar ta kai ni wani tarihi na fiye da shekara 400. A yau kowace cuta a duniya tana da lamba. Zazzabin cizon sauro mai tsanani, irin wanda ya fi yawa a wajenmu, B50 ne. Taifod A01.0. Sikila D57. Zazzaɓin Lassa A96.2. An fara wannan lissafi ne don a ƙirga matattu a kare rayayyu. Daga baya, a Amurka, lambar ta koma rasit, wato da ita ake biyan asibiti. Abin da wannan sauyi ya yi wa rubutun likita shi ne labarinmu na yau.

Mu tafi Landan, wajajen 1603. Birni ne mai cunkoso da datti, annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa tana zuwa tana komawa. Daga wannan shekara aka riƙa fitar da takarda kowane mako mai nuna mutum nawa aka binne a kowace unguwa. Masu kuɗi na dubawa, in sun ga adadi ya fara hawa sai su tattara iyali su gudu ƙauye. Daga 1629 aka fara saka sanadin mutuwa a ciki.

Wa ke faɗin sanadin? Ba likita ba ne. Wasu tsofaffin mata ne talakawa da cocin unguwa ke ɗauka, a rantsar da su, in an yi rasuwa su je su duba gawa, su tambayi 'yan gida, su kai rahoto wa akawun coci. Shi ya sa in ka karanta takardun za ka ga abin mamaki: wane tsoro ya kashe shi, wance baƙin ciki, jarirai da yawa kuma an ce haƙori ne. Kun ji fa, haƙori. Wannan zargin da iyayenmu ke ɗora wa haƙori idan yaro na gudawa, Turawan Landan sun yi shi da hannu bibbiyu.

Matsalar ba ta tsaya ga rashin sani ba. Idan tsohuwar ta ce annoba ce ta kashe mutum, hukuma za ta kulle gidan da duk wanda ke ciki na makonni, a sa mai gadi a ƙofa. To wane magidanci ne zai zauna a kulle shi da gawa da cuta? Sai a lallaɓa tsohuwa, a sa mata wani abu a hannu, ta rubuta wani zazzaɓi daban. A babbar annobar 1665 takardun sun nuna mutum 68,596, amma masana tarihi na ƙiyasta cewa waɗanda ta kashe sun kai kusan 100,000. Ku riƙe wannan a ranku, don zai dawo: duk lokacin da kalmar da aka rubuta za ta jawo wa wani riba ko asara, hannun mai rubutu yakan karkata.

Mutum na farko da ya zauna ya tara waɗannan takardu ya yi musu karatun ta-natsu ɗan kasuwa ne, mai sayar da kayan ɗinki, sunansa John Graunt. A 1662 ya fitar da ɗan littafi kan abin da ya gano. Ya ƙiyasta cewa cikin yara 100 da aka haifa, 36 ba sa kai shekara 6. Ya kuma lura cewa tunjere, cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kusan ba ta fitowa a lissafi duk da ta cika gari, saboda kunya ta sa ana rubuta ta da sunan wata cutar. Da wannan littafi aka karɓe shi a ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, shi da ba likita ba, ba kuma ɗan sarauta ba.

Mu tsallako zuwa 1837, shekarar da Ingila ta fara rajistar haihuwa da mutuwa a hukumance. A 1839 aka ba wani likita, William Farr, aikin tace alƙaluman. Abin da ya fara damunsa shi ne suna. Cuta ɗaya tana da suna uku ko huɗu, suna ɗaya kuma ana kiran cututtuka daban-daban da shi. Ku ɗauki misali da namu: shawara, basir, sanyi, daji. Kowanne jaka ce da aka cusa cututtuka barkatai a ciki. Idan wannan gari ya ce shawara, wancan ma ya ce shawara, amma abu biyu suke nufi, ta yaya za ka haɗa lissafinsu? Sai Farr ya zauna ya tsara jerin sunaye, ya ce kowane likita da su zai riƙa rubutu.

Amfanin hakan ya fito a kwalara. A zamanin yawancin masana, har da Farr ɗin kansa, sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. A 1854 likita John Snow ya yi amfani da rajistar mutuwa ya bi gida-gida, ya nuna cewa matattun wata unguwa famfo ɗaya suke sha. A 1866 da kwalara ta sake ɓarkewa a gabashin Landan, alƙaluman Farr da kansa suka nuna cewa mace-macen sun taru a gidajen da kamfanin ruwa ɗaya ke bai wa ruwa. Lissafinsa ya ƙaryata ra'ayinsa, shi kuma ya bi lissafin. Da a ce an rubuta wa waɗannan mutane "gajeriyar rashin lafiya", da ba wanda ya gano famfon.

Daga nan aka so a haɗa duniya kan jeri ɗaya. Taron masana ƙididdiga na farko, a Brussels a 1853, ya roƙi Farr da wani likitan Janeba, Marc d'Espine, su kawo tsari guda. A 1855 suka zo Paris kowa da nasa, ba su daidaita ba. Aka yi sulhu da jeri mai gurbi 139, amma ƙasashe ba su rungume shi ba. A taron 1860 a Landan, Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinyar nan da ta ga yadda cuta ta fi harsashi kashe sojoji a yaƙin Kirimiya, ta ce kada a tsaya kan matattu: asibitoci su riƙa ƙirga marasa lafiyarsu da tsari iri ɗaya, don a san wane asibiti ke warkarwa, wanne ke kashewa. Ta riga zamaninta da kusan shekara 90.

Wanda ya ci nasara Bafaranshe ne, Jacques Bertillon, shugaban ƙididdiga na birnin Paris. A 1893 a Shikago aka amince da jerinsa, mafi tsawonsa yana da gurbi 161, an jera yawancinsu bisa sashen jikin da cutar ta kama, kamar yadda Farr ya faro. A 1900 wakilan ƙasashe 26 suka taru a Paris suka yi masa gyaran farko, aka kuma tsayar cewa za a riƙa sabunta shi kusan duk shekara 10. A 1948 sabuwar Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar. Gyara na shida da aka yi a shekarar shi ne ya shigo da cututtukan masu rai, har da na taɓin hankali. Shi ne kundin da ake kira ICD a taƙaice.

A 1948 ɗin ne kuma aka daidaita yadda likita zai cike takardar mutuwa, kuma a nan na gane abin da ya faru da takardar kawu. Takardar tana da layuka kamar sarƙa. A sama ka rubuta abin da ya zo ƙarshe, a ƙasa abin da ya jawo shi, a ƙasan wannan abin da ya faro komai. Misali: jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, saboda hawan jini na shekaru. Wannan na ƙasa, tushen, shi ake bai wa lamba ya shiga lissafin ƙasa. Tsayawar zuciya kuwa yanayin mutuwa ne, kowa ta nan yake wucewa. Masana ma suna kiran irin waɗannan lambobi da lambobin shara, don ba sa koya wa kowa komai.

To, zuwa nan lambar aikin masu ƙididdiga ce. Likita ya rubuta, akawu ya tara, a buga a littafin shekara. Yanzu sai kuɗi ya shigo, kuma a Amurka ya shigo.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar Medicare, inshorar gwamnati ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Yadda ake biyan asibiti a farko mai sauƙi ne: abin da ka kashe kan mara lafiya, kawo lissafi a biya ka. Ka kwantar da shi kwana 5, a biya 5. Ka riƙe shi kwana 15, a biya 15. Kowane gwaji, kowace allura, kuɗi ne. Ku faɗa min, wane asibiti ne zai yi gaggawar sallama a irin wannan tsari? Kuɗin da gwamnati ke kashewa ya riƙa ninkawa, har aka fara tsoron asusun zai ƙone.

A Jami'ar Yale akwai mutum biyu da suka daɗe suna wani bincike. Robert Fetter masanin tafiyar da masana'antu ne, John Thompson kuma nas ne da ya koma harkar gudanar da asibiti. Tambayarsu ita ce: masana'anta ta san abin da take ƙerawa, to asibiti me yake ƙerawa? Sai suka ɗauki lambobin cututtuka, da tiyatar da aka yi, da shekarun mara lafiya, da sauran cututtukan da ke tare da shi, suka kasa majinyata rukuni-rukuni, kowane rukuni waɗanda jinyarsu ke cin kuɗi kusan ɗaya. Ana kiran tsarin DRG. Jihar New Jersey ta gwada biya da shi daga 1980. A 1983, zamanin Shugaba Reagan, majalisa ta mai da shi dokar Medicare, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba da rukuni kusan 470.

Ga yadda yake aiki. Kowane rukuni yana da farashinsa tun kafin mara lafiya ya zo. An kwantar da tsoho da limoniya, to kuɗin rukunin limoniya za a biya, ko ya yi kwana 3 ko ya yi 13. Asibiti ya kashe ƙasa da haka, ribarsa ce. Ya zarce, asararsa. Nan take kwanakin kwanciya suka ragu, har mutane suka fara ƙorafin ana sallamar tsofaffi ba su gama murmurewa ba.

Amma babban sauyin ya faru ne a wani ɗaki da ba wanda ke kulawa da shi a da, ɗakin ajiye folda, wanda galibi yake can ƙasan bene. Ma'aikatan da ke karanta rubutun likita su mayar da shi lamba, waɗanda ko sunansu shugaban asibiti bai sani ba, dare ɗaya suka zama su ne ke riƙe da kuɗin shigar asibitin. Dalili kuwa, rukunin da mara lafiya zai faɗa ya dogara da lambar, lambar kuma ta dogara da kalmar da likita ya rubuta. Ƙa'idarsu ita ce mai sanya lamba ba shi da ikon yin hasashe. Ko da sakamakon gwaji ya nuna ƙarara cewa ƙoda ta samu matsala, in likita bai rubuta da hannunsa ba, ba za a sa lambar ba. Daga nan maganar da ake koya wa ɗaliban likitanci ta ƙara ƙarfi: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

Kun tuna tsohuwar Landan? To ga ta ta dawo, wannan karon da kwat da taye. Tun a 1981, kafin tsarin ya game ƙasa, wani likita mai suna Donald Simborg ya yi gargaɗi a wata mujallar likitoci cewa asibitoci za su riƙa tura majinyata zuwa rukuni mai tsada ta hanyar zaɓen kalma, har ya kira abin sabuwar cutar da ake ɗauka a asibiti. Haka kuwa aka yi. A 1997 jami'an FBI suka kai samame ofisoshin Columbia/HCA, kamfanin asibitoci masu zaman kansu mafi girma a Amurka a lokacin. Cikin zarge-zargen akwai ɗaukar limoniya gama-gari a sa mata lambar limoniya mai tsanani wadda aka fi biya. Zuwa 2003 kamfanin ya biya jimillar kusan dala biliyan 1.7 na tara da diyya. A Landan an rage girman cuta don gudun kulle, a Amurka an ƙara mata girma don neman kuɗi.

Kada ku ɗauka duk zamba ce. Yawancin abin ya faru ne cikin doka. Asibitoci suka ƙirƙiro sabuwar sana'a, galibi tsofaffin nas-nas, aikinsu su bi folda tun mara lafiya na kwance, su tura wa likita tambaya. Likita ya rubuta gazawar zuciya, sai saƙo ya zo: ranka ya daɗe, sabuwa ce ko tsohuwa ce ta taso, kuma wane iri ce? Amsar na iya sauya rukuni, ta sauya dubban daloli. Tambayar tana da amfani, don rubutu ya fi fitowa daidai. Sai dai ba don mara lafiya aka fara yin ta ba.

Lambar ta yi aikin alheri ma. Daga Oktoban 2007 aka wajabta wa asibitocin Amurka su nuna, a gefen kowace lamba, ko mara lafiya da cutar ya zo ko a asibitin ya same ta. Daga Oktoban 2008 Medicare ta daina ƙara kuɗi kan wasu matsalolin da asibiti ya jawo da kansa: gyambon kwanciya mai zurfi, kayan aikin da aka manta a cikin mutum bayan tiyata, cutar da ta shiga ta robar fitsari. Kafin nan asibiti zai yi maka illa, kuma a biya shi kuɗin gyaran illar. Mafarkin Nightingale na 1860 ya fara tabbata, amma ta ƙofar aljihu.

Wannan ɓangaren asibiti ke nan. Likitan da ke ganin mutane a ɗakin duba marasa lafiya shi ma yana da nasa. Ana biyansa da wasu lambobi daban da ake kira CPT, na aikin da ya yi, waɗanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ke fitarwa tun 1966. A 1995 da 1997 aka fito da ƙa'idojin da ke cewa matakin kuɗin da za ka nema ya danganta da abubuwa nawa ka rubuta. Kana son babban mataki? Sai ka nuna ka yi tambaya kan sassan jiki aƙalla 10, ka lissafa wuraren da ka duba. Mutum ya zo da ciwon gwiwa, amma rubutu sai ya zagaya ido da kunne da fata.

A 2009 gwamnatin Obama ta zuba biliyoyin daloli don asibitoci su bar takarda su koma kwamfuta. Kwamfuta kuwa ba ta gajiya: danna sau ɗaya ta kwafo rubutun jiya, ta jero duk gwajin da aka taɓa yi, shafi ya cika. Rubutu ya yi tsawo, abin da likita ya yi tunani a kai, wanda shi ne abokin aikinsa ke nema da tsakar dare, ya nutse a ciki. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi likitoci 57 yana ƙirga lokacinsu, ya gano cewa duk awa ɗaya da suka yi da marasa lafiya, suna yin kusan awa biyu a gaban kwamfuta da takardu, ban da wanda suke ƙarasawa a gida da dare. Sai a ranar 1 ga Janairun 2021 aka soke wancan ƙirge na duba marasa lafiya a ofis, aka ce a biya bisa wahalar hukuncin da likita ya yanke ko lokacin da ya ɗauka. Shekara 25 aka yi ana cika shafi kafin a yarda an yi kuskure.

Akwai kuma dambarwar canjin kundi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ICD na 10 a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Amurka ta karɓe shi don takardun mutuwa a 1999, amma a harkar biyan kuɗi ta maƙale wa na 9, wanda ta ɗauka tun 1979. Me ya hana? Kowace kwamfutar asibiti, kowane kamfanin inshora, kowace yarjejeniya an gina su kan tsofaffin lambobi, canza su kamar canza wa ƙasa kuɗi ne. An sa ranar 1 ga Oktoban 2013, aka ɗaga zuwa 2014, majalisa ta sake ɗagawa, sai 1 ga Oktoban 2015 aka sauya. Lambobin cuta suka tashi daga kusan 14,000 zuwa kusan 68,000.

'Yan jarida sun sha dariya a lokacin, don a sabon kundin na Amurka akwai lambar wanda agwagwa ta buge, da ta wanda alade ya ciza, da ta wanda injin jirgin sama ya zuƙe. Amma yawancin ƙarin na abubuwa ne masu ma'ana, kamar hannun dama ne ko na hagu, zuwan farko ne ko dawowa. Tsohon kundin kuwa ya tsufa har ya cika. A 2014 da aka samu mai cutar Ebola a Dallas, babu lambar Ebola ta kanta a tsarin da asibitocin Amurka ke amfani da shi, alhali ICD na 10 ya daɗe da ba ta A98.4. Da korona ta zo a 2020, cikin gaggawa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta U07.1, kuma da wannan lamba ƙasashe da yawa suka ƙirga matattunsu. Yanzu ma an wuce can: an amince da ICD na 11 a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022, har da lambar jarabar wasan gem a cikinsa. Masu kwana kan waya, ku ji da kyau.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da rikicin Amurka? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, kuma tun 2008 take biyan asibitoci da nata tsarin DRG. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima, foldarsu tuni ta zama rasit. A Najeriya dokar da aka sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, jihohi da dama kuma sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya. Duk inda wani ne zai biya wa mara lafiya, sai ya nemi hujja a rubuce, kuma daga ranar kalmar likita ta samu farashi. Idan an fi biyan taifod da maleriya tare a kan maleriya ita kaɗai, kada ku yi mamaki in taifod ta yawaita a takarda.

Sai dai matsalarmu ta farko ta fi kama da ta Landan kafin Farr. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce a duniya mace-mace 4 cikin 10 ba a yi musu rajista, a yankin Afirka kuwa kashi 10 cikin 100 kacal ake yi wa. Yawancin namu a gida suke rasuwa, a yi musu sutura cikin awoyi kamar yadda addini ya koyar, ba takarda ba lamba. Shi ya sa masu bincike ke bin gidaje bayan makonni suna tambayar dangi alamomin da mamaci ya nuna, don a ƙiyasta sanadi.

Kun tuna Zamfara a 2010? Yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna farfaɗiya, ana yi musu maganin maleriya da sanƙarau ba sa ji. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka ɗebi jini aka auna, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. Da sunan ya fito daidai, sai aka san abin yi: a kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen, a ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini. Kafin nan kowane uba yana zaton nasa ne kaɗai ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko ga ƙannenmu masu karatun likitanci da jinya da ajiye bayanan lafiya, na san kuna cikin masu bibiyarmu. Layin nan da za ka rubuta ƙarfe uku na dare, ga gajiya, ga layi a waje, yana da masu karatu uku: abokin aikinka da zai karɓi mara lafiyan gobe, mai ƙirga da zai gaya wa gwamnati abin da ke kashe mutane, da mai biyan kuɗi. Tarihin nan ya nuna cewa na ukun yana da ƙarfin hankaɗe biyun farko in aka bar shi. Ka rubuta abin da ka gani, ka rubuta tushen, kada ka tsaya kan "zuciya ta tsaya".

Na biyu gare mu sauran jama'a. In an sallame ka daga asibiti, ka tambayi sunan cutar da aka rubuta maka, ka adana katinka da sakamakon gwajinka. In an yi maka rasuwa, bayan an share makoki, ka nemi takarda, ka yi rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ka tambayi likita cikin ladabi me ya faro ciwon. Ni da na yi wannan tambayar daga baya, na koma gida na tara 'ya'yan kawu na ce kowa ya je a auna jininsa. Biyu daga cikinsu yanzu suna shan magani.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.